Adda ko Gatarin Maƙera: Amsa ga Mai Shirin Shiga Daji

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin adda da ƙaramin gatari da ka tambaya, ni dai gatari zan ce ka saya, kuma gatarin maƙera nake nufi, ba irin na kanti mai jan fenti da mariƙin roba ba. Da addar da gatarin duk suna ɗakina, amma ɗaya ne kawai yake bin jakata duk lokacin da zan kwana a waje.

Nawa gatarin ya kusa shekara 9 a hannuna. Wani dattijon maƙeri ne ya ƙera mini shi a kasuwar ƙauye daga guntun sifirin ɗin mota, ina zaune a gefensa, yaronsa yana zuga wutar gawayin ƙirya. Nauyin ƙarfen bai wuce rabin kilo ba, ƙotar kuma kamu ɗaya ce da 'yan yatsu, saboda haka yana kwanciya cikin jaka ba tare da ya leƙo ba. Dalilin da ya sa maƙera suke son sifirin shi ne ƙarfe ne da yake karɓar tauri: idan aka gasa bakinsa ya yi ja aka tsoma shi a ruwa ko a baƙin mai, sannan aka ɗan sake ɗumama shi don kada ya riƙa ɓantarewa, yakan riƙe kaifi na dogon lokaci ko da a kan busasshen itace. Rodi da falankin ƙarfe na gama-gari ba sa yin haka yadda ya kamata, komai ƙwarewar wanda ya buga su.

Ranar da na san darajarsa kuwa, muna kwana ne mu uku a gindin duwatsun Birnin Kudu cikin hunturu, bayan mun yini muna hawa da sauka muna kallon zane-zanen mutanen da da ke jikin duwatsun. Da almuru ina faskara wani busasshen kututture sai ƙotar ta tsage daga kai, ƙarfen ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, kuma laifina ne domin na daɗe ina ganin tsagar ina cewa sai na dawo. Da irin gatarin kanti ne, wanda ƙota take ratsa ramin da ke jikin ƙarfen, da aikin daren ya ƙare ke nan, domin fiƙe ƙotar da za ta cika wannan ramin daidai aiki ne na zama da kayan aiki. Namu na gargajiya akasin haka yake, ƙarfen ne yake da wutsiya mai tsini, ita take shiga cikin kan ƙota. Sai na riƙe ƙarfen da tsumma na sari wani reshen aduwa a daidai inda ya rabu da uwarsa, na feƙe shi da wuƙa, na naɗe bakin gatarin da jiƙaƙƙen tsumma, na sa wutsiyar kaɗai cikin garwashi har ta yi ja, na dinga danna ta cikin kan itacen tana ci tana hayaƙi, sau huɗu ko biyar, har ta leƙo ta baya. Kafin abokan tafiyata su gama dafa shayi na koma faskare. Wannan ƙota ɗanya ce, ta saki bayan makonni kaɗan da ta bushe, amma ta raba mu da sanyin daren nan, kuma tun daga lokacin ban sake sayen ƙota a kasuwa ba.

Tun da ka ce kana son ka riƙa sassaƙa kayanka da kanka, ka fara da ƙotar, domin a wurinta za ka koyi halin itace. Ka nemi marke ko aduwa ko kanya, ka zaɓi reshen da yake da kumburi ko gaɓa a ƙarshensa, saboda a nan jijiyoyin itacen suke sarƙe da juna, shi ya sa wutsiya ba ta tsaga shi idan ana sara. Ka ɓare shi ka ajiye a inuwa wata biyu ko uku, kada ka shanya shi a rana don gaggawa, zai tsattsage. Idan kana gida, ya fi kyau ka fara huda ramin da wani tsinken ƙarfe daban, wutsiyar gatarin ta zama ita ce ta ƙarshe da za ta daidaita shi, domin duk zafin da ya gangaro zuwa baki yana kashe taurin da maƙeri ya sha wahala ya sa. Ramin da aka ƙona da yawa kuma gawayi yake zama a ciki, ƙarfen ya riƙa rawa. Bayan nan ka shafe ƙotar da man kaɗanya ko man gyaɗa, ka maimaita a farkon kowane hunturu. Wani abin daɗi a wannan ƙira shi ne kowane sara ƙara cusa wutsiyar yake yi ciki, idan kuma kana son cire ƙarfen don wasi ko don ka ɓoye shi a jaka, sai ka buga bayan ƙotar a jikin kututture ya fito.

Akwai kuma abin da ya sa nake cewa gatarin maƙera kaya biyu ne a kuɗin ɗaya. Idan ka sassaƙa ƙota ta biyu wadda raminta ya gitta, ka juya ƙarfen ka sa shi a kwance, ka sami abin da zai yi maka aikin gizago, ko da bai kai na masassaƙa iya rarake ciki ba. Da shi na yi muciya da koshiya da turakun tanti, da wata kujera 'yar tsugunno wadda ƙafarta ɗaya ta ɗan gaza sauran amma har yau ana zama a kanta. Adda ba za ta yi maka ko ɗaya daga cikin waɗannan da kyau ba.

Addar da nake da ita na saye ta ne saboda sheƙinta da kubenta, kuma ranar farko da ta haɗu da busasshiyar ƙirya bakinta ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Yanzu ciyawar bayan gida take yanka. Ba na musun cewa adda ta ƙwarai tana da ranarta, musamman cikin damina idan gamba ta rufe hanya, ko ga wanda zai nufi kurmin kudancin Kaduna ko dazukan Taraba inda ɗanyen ganye da igiyoyin daji suka fi yawa. Amma dajinmu na nan busasshe ne mai ƙaya kusan wata bakwai a shekara, itatuwansa masu tauri ne, abin da za ka fi yi kuma shi ne faskaren itacen wuta da fiƙe turke, kuma a nan nauyin da ya taru wuri ɗaya ya fi dogon baki mai faɗi.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka game da masu sayarwa, domin a nan aka fi cutar sabon shiga. Wasu sukan buga gatari da rodi ko ragowar ƙarfen ƙofa, su shafe shi da baƙin mai ya yi duhu, su rantse maka sifirin ne. Ka tafi da ƙaramin magagari a aljihu ka goga a bakin: idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar sabulu, ajiye masa kayansa, idan kuwa yana zamewa yana ɗan kamawa da ƙyar, ƙarfe ne na gaske. Ka kuma rataye ƙarfen da zare ka ƙwanƙwasa shi, mai lafiya yakan yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sautinsa a mace yake. Ƙotar da aka yi wa fenti ko aka naɗe kanta da roba ma abar zargi ce, sau da yawa ɗanyen itace ne ko tsagar da aka cike da garin katako da gam. A ɓangaren adda kuma, tambarin kada na kamfanin Martindale, wanda ya samo asali a Birmingham ta Ingila, ya daɗe da suna a Afirka ta Yamma, shi ya sa masu jabu suke kwaikwayonsa, don haka hoton kada kaɗai kada ya sa ka zaro kuɗi. Wanda ya hana ka gwada kaya a gabansa ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa.

Mafi sauƙi shi ne ka je maƙera da kanka, ka sayi guntun sifirin a wurin masu gwangwan ka kai masa, ka ce ƙarami kake so na tafiya, mai baki kamar faɗin yatsu huɗu da doguwar wutsiya, ka zauna a buga shi a idonka. Daga nan ka wuce wurin baduku ya ɗinka wa bakin 'yar rigar fata. A halin da ake ciki na rashin tsaro, ka riƙa cire ƙarfen daga ƙota ka sa shi can ƙasan jaka idan kana kan hanya, ka kuma gai da mai unguwar wurin ka sanar da shi inda za ku kwana kafin ku shiga. Ɗanyen itace ba a sara a gandun daji irin Falgore ko Yankari, malaman daji za su kama ka kuma da gaskiyarsu, saboda haka reshen ƙotarka ka roƙe shi a gonar wanda ka sani lokacin sharar gona.