Ƙusoshin ƙashi na jita: na ji daɗinsu, amma ka auna kafin ka biya

Duk mai kaɗa jita mai tsirkiyar ƙarfe irin wadda ba a haɗa ta da lantarki ya san 'yan ƙusoshin nan shida da ke jere a kan jaki, wato katakon da ke manne a fuskar jitar, su ne ke tare ƙarshen tsirkiya a cikin rami. Yawancin jitoci masu matsakaicin kuɗi da na roba suke fitowa daga kamfani. Nawa ma na roba ne, har suka lanƙwashe, ɗan zoben ƙarfen da ke ƙarshen tsirkiya ya cinye gefensu. Na sayi saiti na ƙashin shanu ta intanet, kuma sun daɗe a kai, sun ga canjin tsirkiya da dama, don haka ina da bakin magana.

A hannu kaɗai za ka san ba roba ba ce. Suna da sanyi da ɗan nauyi, farinsu da ratsin rawaya, babu biyun da launinsu ya zo ɗaya sak. An goge kawunan sumul. Tsagin da tsirkiya ke bi ya fita tsaf, sai guda ɗaya da ya zo da kaushi a ciki, na shafe shi da samfefa mai laushi. Har yau babu wadda ta lanƙwashe ko ta ci, kuma wannan shi ne babban abin da na biya kuɗi dominsa.

Batun sauti kuwa, masu talla sun cika baki. Girgizar tsirkiya ta kan ɗan siririn farin nan da take hawa take sauka cikin jaki, daga nan ta shiga fuskar jitar. Ƙusa aikinta riƙo ne, sai ɗan nauyin da take ƙara wa jaki. A kunnena ƙananan tsirkiyoyin sun ɗan ƙara tsabta, iyakarta ke nan. Kuma yawancin masu cewa jitarsu ta zama sabuwa, ranar da suka sa ƙusoshin suka ɗaura sababbin tsirkiyoyi, to wanne za a yaba? Na tagulla ne na ji bambancinsu a fili a jitar wani abokina, saboda sun ninka na roba nauyi sau da yawa. Sautin ya fi daɗewa yana amo, amma ya yi min ƙarfe-ƙarfe. Akwai masu son hakan.

Inda kasuwar ke cutar mutane shi ne awo. Ƙusar nan tana tsukewa daga wuya zuwa ƙasa, kuma tsukewar iri biyu ce aka fi sani, digiri 3 da digiri 5. Jitocin kamfanin Martin galibi digiri 5 suke ɗauka, na kamfanin Taylor digiri 3. Ga kuma kaurin wuya. 'Yan kasuwar Amurka da inci suke rubutawa, za ka ga 0.210 ko 0.220, yayin da na Turai da Asiya ke rubuta milimita. Tsakanin waɗannan lambobi biyu kwatan milimita ne kacal, amma ya isa ya sa ƙusa ta tsaya cirko-cirko a sama ko ta nutse tana lilo. Duk da haka shagunan intanet cike suke da saiti masu arha da aka rubuta wai suna shiga kowace jita. Mai sayarwar da bai rubuta digiri da kauri ba, ni ba na ko tsayawa a shafinsa. Wanda na saya a wurinsa ya rubuta duka biyun, na auna tsohuwar ƙusata da ma'aunin kauri, suka zo daidai sai guda biyu da na ɗan rage.

In ƙusa ta yi kauri, ita ake ragewa, a murza ta a hankali cikin samfefa ana gwadawa. Kada ka taɓa ramin, wannan aikin mai gyaran jita ne da kayan aikinsa. Kada kuma ka buga ta da ƙarfi. Ramukan shida a layi ɗaya suke, ƙashi ba ya lotsawa irin na roba, jakin ne zai tsage ya bi layin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke zargin ƙusa in ta yi tsalle ta fita lokacin ɗaure tsirkiya. Sau da yawa zoben ne ya maƙale a ƙasan ƙusar. Wurin zamansa shi ne jikin ɗan allon katakon da ke ƙarƙashin fuskar jitar, ƙusa tana tare shi ta gefe kawai. Ka ɗan lanƙwasa ƙarshen tsirkiyar, ka juya tsagin ya fuskanci ramin sauti, wato babban ramin da ke fuskar jitar, ka danna ƙusar da yatsa kana jan tsirkiyar sama har ka ji ta zauna. Ƙaramin madubi da fitilar waya za su nuna maka ko zoben ya kwanta. Wajen cirewa, sassauta tsirkiya, tura ta ƙasa kaɗan, in ta ƙi ka sa hannu ta ciki ka turo ƙusar da tsabar kuɗi. Filaya tana farfasa kan ƙashi.

Mai oda daga wata ƙasa ya lura da abin da aka yi ƙusoshin da shi. Yarjejeniyar CITES, mai kare namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Katakon roswud ya shiga takura a 2017, aka sassauta wa kayan kiɗa da sassansu a 2019, ban da na Brazil. Ƙashin shanu ba ya cikin wannan rigima. Wanda ba ya son kayan dabba yana da Tusq, wato kwaikwayon hauren giwa na kamfanin Graph Tech da ke Kanada, ko na katakon eboni, masu kyau a kan jaki mai duhu.

In ƙusoshin robarka lafiyarsu lau, bar su, ka sa kuɗin a tsirkiya mai kyau. In sun ci ko sun karkace, na ƙashi zan ce ka saya, kuma ka nemi saitin da ke zuwa da ta bakwai, domin guda ɗaya ba ta cika samuwa ita kaɗai ba.