Dodon laimar kwaɗi da na sayo a Kasuwar Wunti

Tun ƙarshen damina ɗana mai shekara bakwai yake roƙona in sayo masa 'yar tsanar Parasect, wani dodo da ya gani a shirin zane mai motsi na Pokémon, wanda aka fara nunawa a gidan talabijin a Japan a shekarar 1997. Sau biyu na zagaya shagunan kayan wasan yara a Kasuwar Wunti da ke Bauchi kafin in same ta a wani ƙaramin shago, an cusa ta can ƙarƙashin tarin zomaye da karnukan auduga, duk ƙura ta lulluɓe ledarta. Mai shagon bai ma san sunanta ba, domin da na nuna ta cewa ya yi, "Malam, kaguwar nan mai malafa kake nufi?" Na yi dariya a lokacin, amma daga baya na gane cewa maganarsa ta fi duk wani bayani dacewa da abin da ya sayar mini.

A asalin zanen, Parasect ƙwaro ne mai ruwan lemo da manyan hannuwa biyu masu kama da almakashi, kuma wata ƙatuwar laimar kwaɗi ja mai ɗige-ɗige rawaya ta rufe bayansa kusan gaba ɗaya. Yana cikin halittu 151 na farko da suka fito tare da wasan bidiyo na Pokémon a 1996. Lokacin da yake ƙarami sunansa Paras, laimomi biyu ne 'yan ƙanana a gadon bayansa, idanunsa kuma da baƙar ƙwaya irin ta kowace dabba mai rai. Idan ya girma sai laimar ta zama guda ɗaya wadda ta fi jikinsa girma, idanun kuma su koma fari fat, babu ƙwaya ko ɗigo. Labarin wasan ya ce laimar ta shanye ƙarfin ƙwaron, kuma ita ce ke juya shi yadda take so. Masu zanen ba daga kansu suka ƙago wannan ba, domin a tsaunukan Tibet akwai wani irin naman gwari da ke shiga jikin tsutsa a cikin ƙasa, ya cinye ta daga ciki, sannan ya tsiro ta kan tsutsar idan sanyi ya wuce. Sinawa suna sayensa da tsada saboda magani, Japanawa kuma suna kiransa tochukaso, wato ƙwaro da hunturu, ciyawa da lokacin zafi. Duk wannan labari mai tayar da tsigar jiki, fararen idanun nan biyu ne suke ɗauke da shi, ba tare da an ce wa yaro uffan ba.

To, a nan ne mai ɗinka wannan 'yar tsana ya yi ɓarna. Ya ɗinka baƙar ƙwaya a tsakiyar kowane ido, ya kuma ƙara wani ɗan murmushi da jan zare, don haka dodon da laima ta mallake ya koma kaguwa mai fara'a wadda ta sanya malafa domin zafin rana. Babu alamar kamfanin Pokémon a jikinta, kuma ina kyautata zaton kwaikwayo ce, sai dai ko mai kwaikwayo ya kamata ya tsaya ya dubi abin da yake kwaikwaya. Ina iya fahimtar cewa an yi hakan ne don kada ƙananan yara su tsorata, amma yaron da ya nemi Parasect da sunansa ya riga ya san idanun, kuma su ne suka ja hankalinsa tun farko.

Laimar kanta an yi ta da kyau, wannan kam ba zan tauye musu haƙƙi ba. Yadinta mai laushi ne, ɗige-ɗigen ɗinka su aka yi ba liƙawa ba, kuma an cika ta da auduga sosai har tana rinjayar jikin zuwa gaba, kamar yadda ake gani a shirin. Hannuwan ne ba su da ƙarfi, domin ɗinkin na hagu ya fara warwarewa tun a mako na biyu. A wankin farko kuma jan launin ya zuba, ya ɓata gefen fuskar, saboda haka duk wanda ya saya gara ya riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, musamman yanzu da ƙurar hunturu ta sauko.

Ga yaron da bai san shirin ba, kayan wasa ne mai daɗin runguma kuma kuɗinsa bai yi yawa ba. Ɗana kuwa yana buɗe ledar ya ce, "Abba, wannan ai yana gani." Da daddare mahaifiyarsa ta yanko ƙyallen farar shadda guda biyu ta ɗinke ƙwayoyin, ta kuma farke murmushin da reza. Tun daga ranar ƙanwarsa mai shekara uku ba ta yarda ta kwanta a ɗakin sai an juya fuskar dodon ta kalli bango.