Iwata Eclipse HP-CS a hannun mai koyon fentin bodin motar rimot

Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri. In kana son ka fara yi wa bodin motar rimot fenti da alƙalamin feshi, wato airbrush, ɗan mafeshin da ke aiki da iska, Iwata Eclipse HP-CS abu ne da za ka saya sau ɗaya ka huta. Amma ba zai yi maka dukan aikin ba. Duk wanda ya ce maka daga ranar da ka saye shi ka yi sallama da gwangwanin feshi, to bai taɓa zama ya cika rufin mota guda da alƙalami mai bakin milimita 0.35 ba.

Alƙalamin ƙirar Japan ne, na kamfanin Anest Iwata. Ƙoƙon fentinsa a sama yake, yana cin mililita 7, fenti na gangarowa da kansa zuwa baki. Kunamarsa aiki biyu take yi: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, gwargwadon yadda ka ja. Yana da ɗan nauyi a hannu, irin nauyin da nake so, domin hannun da ke riƙe da abu mara nauyi ya fi saurin rawa. An yanke wani gefe na mariƙinsa ta baya, yadda za ka iya finciko allurar da ke buɗe wa fenti hanya ka wanke baki ba tare da ka kwance komai ba. Abin da ba shi da shi shi ne ɗan kusar nan ta baya da ke hana kunama wuce iyaka. Wasu masu koyo suna nemanta. Ni ina ganin rashinta alheri ne, don yatsa ya fi saurin koyo in ba a ɗaure shi ba.

Kafin a gane amfanin wannan alƙalami sai an gane cewa fentin bodin motar rimot a juye ake yin sa. Bodin roba ce garau mai suna polikabonet, wadda masu harkar suka fi kira Lexan, kaurinta bai cika wuce milimita ɗaya ba. Daga ciki ake fesa mata fenti, robar kanta ce ke zama rigar kariya da sheƙi daga waje. Shi ya sa mota za ta yi karo, ta kife, ta gogi kwalta, launi yana nan. To tunda daga ciki ne, abin da ka fara fesawa shi ne zai fito gaba, abin da ka fesa daga baya yana bayansa. Launi mai duhu ake farawa da shi, a ƙare da mai haske. Ka fesa rawaya sannan ka bi bayanta da baƙi, rawayar ta dafe ke nan, babu gyara.

A nan ne Eclipse ya biya ni. Ka manna tef, ka bi gefensa da siririn baƙi mai shara-shara, ka ɗaye tef ɗin, sannan ka zuba launinka a baya. In ka juya bodin sai ka ga zanen kamar ya taso daga jikin mota, inuwa na kwance a ƙarƙashinsa. Haka kuma narkar da launi cikin launi, shuɗi ya fara da duhu daga hancin mota ya riƙa washewa har ya koma fari wajen ƙofa. Gwangwani ba ya iya wannan, bakinsa ɗaya ne, ko ya fesa ko ya yi shiru. Shi kuwa wannan alƙalami, in ka matso kusa ka ja kunama kaɗan, layi ne siriri. In ka ja da baya kamar santimita 10 zuwa 15 ka ƙara jan kunama, feshin ya buɗe ya yi laushi. Fenti yana fara fitowa a wuri ɗaya kullum a tafiyar kunamar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo. In kayan aiki ba ya canza hali, kai ma za ka san abin da hannunka ya yi.

Sai dai ba kyawun feshi ne ya fi burge ni ba. Bakinsa ne. Ina da wani alƙalami mara suna da ya zo cikin kwali ɗaya da kwamfiresa, wato injin da ke ba shi iska, bakinsa bai fi kan ashana ba, kuma murɗa shi ake yi da ɗan sifana. Ka matse da yawa ya karye a ciki, ka bar shi sako-sako iska ta koma cikin ƙoƙo fenti ya yi ta kumfa, in kuwa ya faɗi ƙasa sai ka rarrafa nemansa. Bakin Eclipse babba ne da za ka riƙe da yatsu biyu, ba shi da zare, ɗora shi kawai ake yi ya zauna daidai tsakiya, murfin kai ya danne shi. Ka kwance, ka wanke, ka mayar, cikin 'yan mintuna. Wanda bai yi aiki da fentin ruwa ba zai ga kamar na cika surutu a kan ƙaramin abu. Bari ya fara. Rabin lokacin mai feshi a wanki yake tafiya, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ajiye wannan sha'awa toshewar baki ce ta kore su, ba rashin iya zane ba.

Maganar fenti kuwa, na fi amfani da na ruwa da aka yi domin polikabonet, irin su Faskolor na Parma da na Pro-Line, wasu kuma suna aiki da Wicked Colors na Createx. Ba su da warin da zai kore ka daga ɗaki, kuma ruwa yana wanke su kafin su bushe. Amma suna da kauri, bakin 0.35 kuwa matsattse ne. Dole ka tsinka fentin, kuma ya fi kyau ka yi da ruwan tsinkawar kamfanin da ya yi shi. Yadda nake gwadawa shi ne in ɗiga a bangon ƙoƙo: in ya gangara da sauri ya bar ɗan launi a bayansa, ya yi, in ya tsaya yana tunani, da saura. Ƙarfin iska nakan bar shi tsakanin psi 30 da 40, in rage idan zan yi siririn layi da fenti mai ruwa-ruwa. Fari da launuka masu ƙyalli su ne masu taurin kai, suna bushewa a tsinin allura har feshi ya fara tofi. Ajiye ɗan soso mai laima kusa da kai, kana yi kana share tsinin. Kuma ka saba wa yatsanka: iska ta fara fita kafin fenti, fenti ya tsaya kafin iska. Wannan kaɗai yana kashe yawancin tofin.

In ka san manyan wurare za ka fi fesawa, ana iya mayar da HP-CS zuwa milimita 0.5, amma sai ka canza abu uku tare: allura, baki da murfin baki. Akwai kuma Badger Patriot 105 na Amurka, wanda ke zuwa da 0.5 tun daga kwali, kuma fenti mai kauri ya fi wuce masa cikin sauƙi. Ba zan ce wa wanda ya zaɓe shi ya yi asara ba. Ni dai inuwa da siraran layuka suka kawo ni, shi ya sa na tsaya a nan.

Inda alƙalamin ya gaza kuwa a fili yake. Bodin mota mai ma'aunin 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, irin ta tseren kwalta mai faɗin milimita 190, ba ƙarama ba ce in ka zo cikawa. Mililita 7 nan da nan ta ƙare, ka sake haɗawa, ka sake zubawa, kuma shafi ɗaya ba ya isa. Ana yin shafi uku ko huɗu marasa kauri, ana busarwa tsakani da na'urar busar da gashi, daga nesa, don zafi mai yawa yana lanƙwasa robar. Saboda haka ni shafin ƙarshe na baya da gwangwani nake yi, jerin PS na Tamiya, PS-1 fari ko PS-12 ruwan azurfa, bayan fentin ruwan ya bushe sarai, kuma a hankali, ba a jiƙa shi lokaci guda ba. Fari ake sa wa bayan launuka masu walƙiya su tashi, azurfa bayan masu shara-shara, baƙi kuma bayan kurom, wato launi mai sheƙi kamar madubi. A lura da haruffan jikin gwangwani: PS na polikabonet ne, TS na roba mai tauri ne irin ta ƙananan motocin da ake ajiyewa don ado. Ka fesa TS a bodi mai lanƙwasuwa, karon farko zai fara ɓarewa.

Wani abin da ba ya cikin kwalin, kuma ba za ka yi komai ba sai da shi, shi ne kwamfiresa. Kada ka kashe kuɗinka duka a alƙalami ka haɗa shi da ɗan injin da ba shi da tanki. Nemi mai tanki, irin samfurin AS-186 da ake sayarwa da sunaye iri-iri: tankinsa lita 3, yana tashi da kansa in ƙarfin iska ya sauka zuwa bar 3 a ma'auni, ya mutu a bar 4. Tanki ne ke sa iska ta zo a miƙe ba tare da bugawa ba. Ka tabbata akwai ma'aunin iska da matarar ruwa, ka kuma riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tankin, domin ɗigo ɗaya in ya biyo tiyo ya faɗa kan fenti ɗanye, za a gan shi daga waje har abada. Ka duba ko ƙunshin da za ka saya yana da tiyo, ba kowanne ke zuwa da shi ba. Sai takunkumi mai matata. Rashin wari ba ya nufin huhu na son ƙurar fenti.

Duk kyan alƙalami, ba ya rufa asirin bodin da ba a shirya ba. Ka fara ɗora ta a kan mota tun tana garau ka yi alamar ramukan ƙusoshi da na tayoyi da alƙalamin maka a jikin ledar da ke lulluɓe da ita ta waje, tunda bayan fenti ba za ka ga komai ba. Sannan ka wanke cikinta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka bar ta ta bushe, kada yatsa ya sake taɓa ciki, don maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Manna takardun rufe tagogi da suka zo da ita, ka bi gefunansu da farce. In zanen mai lanƙwasa ne, akwai ruwan rufewa da ake shafawa da burushi shafi uku ko huɗu, ya bushe ya zama fata, ka yanka da sabuwar reza kana ɗayewa kashi-kashi. Hannu ya yi sauƙi a yankan. Reza in ta shiga robar sosai, nan wurin ne zai tsage ranar da mota ta daki bango. Kuma kada ka zuba wannan ruwa a ƙoƙon Eclipse, ya fi ƙarfin bakinsa.

Guntayen robar da ka yanke daga wajen tayoyi kada ka zubar. A kansu nake gwada kowane haɗin launi kafin in taɓa bodi, in fesa, in sa na baya, in juya in gani, saboda launi a cikin ƙoƙo daban, ta bayan roba daban. Robar ruwan sha garau ma tana yi wajen koyon hannu.

Ga wanda motarsa ta tsalle da birgima ce, launi ɗaya yake so, bodi kuma ba ta daɗewa a hannunsa, gwangwani biyu sun ishe shi, kada ya wahalar da aljihunsa. Wanda kuwa ya yanke shawarar saye, ya haɗa da allura ta biyu tun ranar farko. Tsininta ya fi komai saurin lanƙwashewa, musamman in an cire murfin gaba don yin siririn layi a lungun bodi, kuma allurar da ta lanƙwashe in aka ja ta baya da ƙarfi takan tsaga bakin ma.