Vimium: yawo a intanet ba tare da taɓa linzami ba

Ciwon wuyan hannu ne ya raba ni da linzamin kwamfuta, na koma dogaro da madannai zalla. A cikin abubuwan da na gwada, babu wanda ya sauƙaƙa mini aiki kamar Vimium, wata 'yar manhaja ta kyauta da ake ɗora wa Chrome ko Firefox.

Da ka danna harafin f, kowane mahaɗi da ke kan shafin zai fito da harafi ɗaya ko biyu cikin ɗan akwati ruwan ɗorawa. Ka buga haruffan, wurin ya buɗe. F babba tana buɗe shi a sabon shafi, j na gangarawa ƙasa, k na hawa sama, H babba ta mayar da kai baya. In ka manta wani abu, alamar tambaya za ta kawo maka jerin umarnin gaba ɗaya. Wanda ya saba danna Tab, madannin da ke tsallakawa daga wannan mahaɗi zuwa na gaba, yana ratsa duk jerin da ke saman shafi kafin ya kai ga labarin da ya zo karantawa, shi zai fi sanin daɗin wannan.

Tana da nata cikas. A YouTube, k ce ke tsayar da bidiyo, j kuma ta ja shi baya, sai su yi karo da na Vimium. Sai ka kashe ta a irin waɗannan shafuka, ko ka saita ta ta ƙyale waɗannan haruffan. Ba ta kuma aiki a shafin saitin Chrome.

Abin da ya fi damuna kuwa ba laifinta ba ne. Na shiga shafin wata makaranta zan biya wa ƙanwata kuɗin rajista, na tarar jerin zaɓin ba ya buɗewa sai an ɗora linzami a kansa. Na koma Tab, ashe masu shafin sun goge layin da ke nuna inda kake, wai don ado. Sai da na kira wani ya ƙarasa mini. A shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, Tab ɗin farko ke fito maka da mahaɗin tsallakawa zuwa ainihin bayani, kuma duk inda ka tsaya rawaya ce ɓaro-ɓaro. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafuka, waɗanda W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar, tun 2008 suka ce duk abin da shafi ke yi a iya yinsa da madannai.

Makafi ba za su amfana da Vimium ba, tunda sai an ga haruffan. Su manhajojin da ke karanta musu shafi da murya, irin su NVDA, suke amfani da su, kuma irin shafin makarantar nan su ma tare musu hanya yake. Amma mai ciwon hannu, ko mai rawar hannu, ko mai buga takardu wuni guda, ina ba shi shawarar ya ɗora Vimium, ya fara da f da j da k kawai.