Yadda na ƙare da tsarin saye da gyara na banki a gidan haya na farko

Jama'a an yi ta tambayata yadda ta kaya tsakanina da bankin da ya saka kuɗi a gidan hayar da na saya, to bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Wata 14 ke nan da sa hannu, gyara ya ƙare, 'yan haya sun shiga, yanzu ne zan iya magana da hujja.

Gidan tsoho ne, fulat uku, ɗaya da mutum a ciki biyu babu kowa saboda rufin yana yoyo. Tsarin da na shiga shi ne wanda banki yake haɗa kuɗin saye da na gyara a yarjejeniya ɗaya. Suna da iri biyu, akwai bashi mai kuɗin ruwa akwai kuma na haɗin gwiwa, wato musharaka, ni na biyun na ɗauka. Na zuba kashi 25 cikin ɗari su suka zuba sauran, gidan ya zama namu tare, duk wata ina biyansu hayar kasonsu sannan ina sayen wani yanki na kason, a hankali nasu yana raguwa nawa yana ƙaruwa. Takardun gida kuma suna hannunsu har sai na gama.

Abin da ya fi burge ni wallahi tun kafin a zo maganar kuɗi ya faru. Wani gida daban na fara kai musu, fulat huɗu, na riga na ƙwallafa rai a kai, na zo da lissafina na tara hayar shekara na cire abin da zan riƙa biyan banki na ga saura mai kyau. Ofisar da aka haɗa ni da ita ta karɓi takardar ta ce ranka ya daɗe ina watannin da fulat zai zauna babu kowa, ina inshora, ina haraji, ina kuɗin famfo in ya lalace, ina na wanda zai kula da gidan in kai ba ka kusa? Ta zauna muka cire su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce abin da ya rage shi ne ainihin abin da gida yake samarwa, kuma su sai ya kai ninki 1.25 na abin da zan biya su a shekara kafin su yarda. Nawa da ƙyar ya haura 1. Ma'ana fulat ɗaya ya yi wata biyu babu ɗan haya to daga albashina zan cike. Na ji haushi ranar sosai, amma daga baya na ga cewa masu harkar nan da suka daɗe ma haka suke ƙiyasi, wai a tsohon gida ka ɗauka kusan rabin haya ɗawainiya za ta cinye tun kafin ka biya banki. Na bar gidan can, kuma har yau ina gode mata.

Mai ƙiyasin darajar gida da suka turo gidan da na saya ɗin shi ma ya yi min rana. Farashi biyu ya rubuta, darajar gidan yadda yake da kuma darajarsa in an gama gyara. Na farkon ya zo ƙasa da abin da mai gida yake nema, kuma banki ba ya bin abin da dillali ya faɗa, tsakanin farashin ciniki da ƙiyasi wanda ya fi ƙanƙanta shi suke lissafi da shi. Na ɗauki rahoton na kai wa mai gidan, aka yi ta ja har ya sauko muka haɗu a tsakiya, ɗan giɓin da ya rage na cike daga aljihuna.

To yanzu ga inda na sha wuya. Kuɗin gyara ba a hannu suke ba ka ba. Sun raba aikin mataki huɗu, rufi, sai wayarin da bututun ruwa, sai filasta da tayil, sai fenti da ƙofofi, kuma kowane mataki kai za ka fara biya a yi aikin, sannan ka rubuta musu, su turo injiniyansu ya duba ya sa hannu, sannan su mayar maka da kuɗin. Wannan maganar tana cikin yarjejeniya ban ce babu ba, amma a duk zaman da muka yi babu wanda ya buɗe baki ya ce min ka tanadi kuɗin mataki guda a hannunka, kuma ga sabon shiga wannan shi ne abu na farko da ya kamata a faɗa masa. Mataki na farko kwana 10 kuɗi suka fito, na biyu sai da ya kai sati uku, ina kira ana ce min fayil yana teburin manaja, birkila da yaransa kuma ba za su zauna jiran fayil ba, suka kama wani aiki, da kuɗin suka zo sai da na ƙara jiran sati guda kafin su dawo. Kowane zuwan injiniya kuma akwai kuɗinsa a kaina.

Ana cikin haka aka fasa bangon banɗaki aka tarar bututu ya daɗe yana tsiyaya a ciki, danshi ya ci bangon har ɗakin da ke jikinsa. Wannan ba ya cikin jerin aikin da aka amince da shi, duk wani ƙari sai an sake cike fom an jira amincewa. Kashi 10 na kuɗin gyaran na ware don abin da ba a zata ba, bai isa ba, da na sani 20 zan ware tunda gidan tsoho ne. Aikin wata uku ya koma wata biyar da rabi, kuma duk tsawon lokacin biyan banki bai tsaya ba, fulat ɗaya kawai ke kawo haya.

Amma in faɗi gaskiya tsakani da Allah, wannan tsarin da ya wahalar da ni shi ya hana a cuce ni. Ɗan kwangilar tun farko rabin kuɗi ya nema kafin alƙalami, da kuɗin suna hannuna na san da na ba shi. A mataki na uku injiniyan banki ya zo ya ɗora na'urar gwada danshi a bangon nan, ya ce an yi filasta tun bango bai bushe ba, ya ƙi sa hannu. Ni da idona lafiya lau na gani, sumul. Dole aka kankare aka jira ya bushe aka sake, a kuɗin ɗan kwangila. Da ba don shi ba da yanzu fenti yana ɓarewa ɗan haya yana kirana.

Sauran ƙananan kuɗi kuwa, na buɗe fayil, na lauya, na ƙiyasi, na rajistar takardu, sun rubuta su amma a warwatse, sai da na haɗa da kaina na ga jimilla. Abu ɗaya da nake so kowa ya tambaya kafin ya sa hannu, hayar da kake biya kan kason banki ana sake duba ta, a tawa yarjejeniyar duk shekara ne, kuma tana iya hawa. Abin da na ji daɗinsa shi ne in na samu rara zan iya sayen ƙarin kaso kafin lokaci babu tara.

Yanzu fulat ukun duk da mutane. Bayan na biya banki da ɗawainiya abin da yake saura ba shi da yawa, ban taɓa shi ba, asusu daban na buɗe masa don gyara. Zan koma wurinsu? Eh zan koma, don lissafinsu da injiniyansu sun fi min jinkirinsu nauyi. Amma ba zan ba wanda kuɗinsa ya ƙare a kashi 25 ɗin nan shawarar shiga ba, sai yana da na mataki ɗaya na gyara da biyan wata shida a gefe. Akwai wani gida mai fulat biyu da nake dubawa, na riga na rubuta musu cewa wannan karon ina so a saka cikin yarjejeniya iyakar kwanakin da za a ɗauka daga zuwan injiniya zuwa fitar kuɗi, ofisar ta ce za ta kai maganar sama, ina jiran amsarsu.