Testar fawa-fak: idan kwamfutocin ofis kake gyarawa, riƙe kuɗinka

Wannan 'yar baƙar testa mai ɗan gilashi a tsakiya, wadda masu kayan kwamfuta suke ratayewa a bakin kanti yanzu, ita nake nufi. Kun san ta, kun san kuɗinta. Kafin in biya, tambaya ɗaya na yi wa mai kantin: tana gwada kowane fawa-fak, wato akwatin da yake ba kwamfutar tebur wuta? Ya ce, "Kowanne, maigida, ko na wane kamfani ne." Wannan maganar ce ta sa na zaro kuɗi, kuma ba gaskiya ba ce.

Da farko dai ta burge ni, ba zan ci haƙƙinta ba. Idan fawa-fak ɗin na tsarin ATX ne, wato tsarin gama-gari na kasuwa, mai babban kai na fil 24 ko tsohon nan mai fil 20, kana soka shi sai ta yi ƙara, gilashin ya kawo, ka ga 12V da 5V da 3.3V jere a gabanka. Tsarin ya yarda wuta ta ɗan hau ko ta ɗan sauka da kashi 5 cikin 100, wato layin 12V kada ya gaza 11.4 kada ya wuce 12.6, kuma idan ya kauce da yawa sai testar ta kama kuka, lambar tana ƙiftawa. Har lokacin da fawa-fak yake ɗauka kafin ya shaida wa madabod, babban allon kwamfuta, cewa wuta ta daidaita tana nunawa, wanda ya kamata ya faɗa tsakanin milisakan 100 zuwa 500. Mitar auna wuta ba ta ba ka wannan. Na ji daɗi sosai, don na huta da lanƙwasa 'yar waya ina haɗa kore da baƙi don fawa-fak ya tashi, ina bin fil ɗaya bayan ɗaya da mita.

To amma nawa ne irin waɗannan suke shigowa shagon mai gyara a garin nan? Ban da samarin da suke haɗa kwamfutar wasa da masu aikin bidiyo, kusan duk abin da ake kawo min 'yan gwanjo ne na ofis: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Compaq, Lenovo ThinkCentre. Su ne a makarantu, su ne a cibiyoyin jarrabawa, su ne a shagunan buga takardu. Kuma da yawansu ba su bin tsarin fil 24. OptiPlex 3020 da 7020 da 9020 kai mai fil 8 gare su. HP Compaq 8200 da EliteDesk 800 na farko kai mai fil 6 ne, da wata siririyar waya daban wadda take ɗauke da umarnin kunnawa. ThinkCentre M92p da M93p fil 14 ne, na bayansu kuma fil 10. A na Dell da HP ɗin nan fawa-fak 12V kawai yake bayarwa, madabod ne yake sauke shi zuwa 5V da 3.3V, shi ya sa za ka ga wayar da take ciyar da had-dis daga jikin madabod ta fito. Kamfanonin sun yi tsarinsu, yana kuma aiki lafiya. Testar ce ba ta san da zamansu ba, kuma babu ko layi ɗaya a jikin kwalinta da ya gaya maka haka.

Abin da ya fi ɓata min rai ya faru ne da wata Hajiya mai shagon buga takardu a bakin wata makaranta. OptiPlex 9020 ɗinta ta ɗauke ana tsakiyar rajistar jarrabawa, lokacin da ɗalibai suke layi har waje. Ta kai wa wani mai gyara kusa da ita, shi ma irin testar nan gare shi. Ya ga tana da ramin fil 8 a gefe, ya tura kan fawa-fak ɗin a wajen, gilashi bai kawo ba, fanka ba ta juya ba, ya ce mata ya ƙone. Ta ba da kuɗi aka sayo wani. Aka sa, kwamfuta ba ta tashi ba, aka gwada shi a testar, shi ma shiru. Aka ce mata an sayar musu da matacce, ta ƙara kuɗi a sayo na uku. A nan ne ta ce a'a, ta sa yaronta ya ɗauko komai a adaidaita sahu suka zo wurina.

Tana zama ta ce, "Malam, don Allah gaya min gaskiya, in ta mutu ne in haƙura. Kuɗin nan bashi na ci." Na ce, "Hajiya, ki ba ni minti kaɗan."

Ramin fil 8 da ke jikin testar na wayar furosesa ne, na fil 6 kuma na katin bidiyo. Ba su kunna komai. Ita testar daga babban ramin fil 24 take samun wutar da take rayuwa da ita, ta nan kuma take ba fawa-fak umarnin ya tashi. Idan ba a soka komai a nan ba, ko sabo fil ka kawo daga kamfani, shiru za ka ji. Wato ba ta gwada komai ba, amma shirunta ya zama hukunci, aka yanke wa lafiyayyen kaya mutuwa.

A bayan fawa-fak ɗin Dell na wannan zamani akwai ɗan maɓallin gwaji da 'yar fitila a kusa da shi. Na mayar da tsohon nata, na sa wuta, na danna, fitila ba ta tsaya ba. Na cire duk wayoyinsa daga madabod na sake dannawa, sai ga kore ta kawo, fanka tana juyi. Ke nan shi lafiyarsa ƙalau, wani abu ne a ciki yake haɗa wuta, shi kuma yana kashe kansa don kada ya ƙone. Na dinga mayar da wayoyi ɗaya bayan ɗaya har na iso kan wadda take ciyar da had-dis. Ƙarfen akwatin ya datse ta, roba ta yage, tagulla tana taɓa jiki. Na canja waya, kwamfuta ta tashi. Na gwada wanda aka sayo mata, shi ma lafiya lau. Hajiya ta yi hamdala, amma kuɗin fawa-fak na biyu sun tafi, cinikin da ta rasa a kwanakin rajista kuwa ba mai mayar mata. Har yanzu idan na tuna fuskarta sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Kuma ban ga laifin ɗan'uwana mai gyara sosai ba, abin da aka gaya min a kanti shi aka gaya masa.

Na koma wurin mai kantin na faɗa masa. Maimakon ya karɓi gyara sai ya ɗauko min adafta, ya ce da ita za ta gwada na Dell. Ban bar kantin ba na nuna masa cewa wannan baya-da-baya take: ana soka fawa-fak na ATX a cikinta ne, ita kuma ta shiga madabod ɗin Dell. Ba ta kai fawa-fak ɗin Dell zuwa testa. Duk da haka na saye ta, kuma a nan zuciyata ta ɗan sauko, domin ta yi min amfani ta wata hanyar. Yanzu ina gwada fawa-fak na ATX a testar in tabbatar lafiyarsa, sannan in kunna madabod ɗin da nake zargi da shi ta adaftar. Idan ya tashi, na san inda ciwon yake. A wannan zagayen testar tana da ɗan rabonta na lada, har na fara cewa kuɗina ba su faɗi a banza ba.

Amma in ja kunnen masu shirin yanke waya su haɗa da kansu. A na Dell da HP ɗin nan wutar jiran-tsammani, wadda take nan ko kwamfuta tana kashe, 12V ce, alhali a ATX 5V ce a kan waya mai ruwan shuni. Shi ya sa adafta ta kirki take da ɗan allo a tsakiya mai ɗaga 5V zuwa 12V. Idan ka juya abin ka tura 12V cikin ramin da testa take jiran 5V, kana iya ƙona ta. Ko ta tsira ma, kuka za ta yi ta yi tana neman 5V da 3.3V waɗanda babu su tun asali. Launin waya ma kada ka dogara da shi a kan waɗannan, dabarar kore da baƙi ta ATX ce. Tsofaffin masu gyara za su tuna wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 masu kai fil 20 da ya yi kama da na ATX sak, amma jerin wayoyin daban ne, wanda ya soka na kasuwa sai hayaƙi.

Sai kuma wani abu ya sake taso min da haushin. Ko a kan ATX ɗin da take taƙama da shi, ba ta ɗora wa fawa-fak wani nauyin kirki. An kawo min kwamfutar wani mai aikin bidiyo da take mutuwa da zarar aiki ya yi zafi. Testa ta nuna komai daidai, 12V cif. Na sa mita a kan wayar rawaya mai ɗauke da 12V kwamfuta tana aiki, ina kallo wuta ta zube ƙasa da 11.4 kafin ta ɗauke. Da aka buɗe, kafasito sun kumbura. Kamar ka auna lafiyar jaki yana kwance a inuwa ne, ba a ɗora masa kaya ba. To idan ta ce "lafiya" ba ka da tabbas, idan ta yi shiru a kan na ofis ba ta ce komai ba, me ya rage mata? Kama wanda ya mutu murus kawai, shi kuwa 'yar waya da mita suna kama shi.

Gaba ma ba sauƙi za ta yi ba. Intel, wadda ta fito da ATX a 1995, ita ma ta fitar da sabon tsari mai suna ATX12VO, kai mai fil 10, 12V zalla. Idan waɗannan suka fara sauka a gwanjo, su ma testar ba za ta karɓe su ba. Na hana yaran shagona taɓa ta idan kan fawa-fak bai kai fil 20 ba. Dell a fara da maɓallin baya, HP da Lenovo kuwa na ajiye lafiyayyen fawa-fak na kowane iri a kan kanta, da shi muke musanyawa mu gani, sannan mita ta bi layin 12V kwamfuta tana kunne.