Katin daraja a jiragen ruwan shaƙatawa: wanne ke binka, wanne ke tsayawa a bakin ƙofa

Mutumin Maraɗi ba ya da teku a bayan gida. Kafin ƙafarsa ta taka jirgin ruwan shaƙatawa sai ya ci hanya fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, ko ya bi ta Ɗan Isa ya faɗa Katsina ya wuce Kano, ya hau jirgin sama, ga kuma ɗawainiyar biza. Daren da ya kwana a kan ruwa ya fi masa tsada nesa ba kusa ba a kan na Ba'amurken da ke tuƙa motarsa har bakin tashar Mayami. Duk da haka ana zuwa. Alhazan da ke sarin kaya a Dubai da Istanbul da Gwanju sun fara ƙara mako guda a kan tafiyarsu, wasu har da iyali. Tunda ana kashe kuɗin, ya kamata kowane dare ya shiga lissafi a inda zai yi amfani.

Kowane kamfani yana da ƙungiyar abokan cinikinsa. Rajista kyauta ce. Ana ba ka lamba, ana ƙirga maka maki bayan kowace tafiya, kana hawa matsayi, kowane matsayi da irin gatansa. Gyara ce kawai irin ta mai awo a kasuwa: wanda ya saba zuwa rumfar ana ɗora masa tozo a kan tiya. Inda mutane ke ruɗewa shi ne sunayen da ke jikin jiragen sun fi masu su yawa. Gida ɗaya yakan mallaki kamfani uku, wani ma takwas, sai mutum ya ɗauka tunda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, darajarsa za ta bi shi duk inda ya shiga. Ba ko'ina ba.

Ni dai ba na ɓoyewa, gidan Royal Caribbean na zaɓa. Kamfani uku ne a ƙarƙashinsa: Royal Caribbean ɗin kansa mai manya-manyan jirage na iyali da yara, Celebrity mai natsuwa, da Silversea na masu hannu da shuni, wanda suka sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2018 suka ƙarasa a 2020. Tun 2024 suka daidaita matsayi a tsakanin ukun. Ƙungiyar Royal sunanta Crown & Anchor Society, kuma lissafinta ko yaron shago zai iya yi da ka: dare ɗaya, maki ɗaya. Idan ka kama babban ɗaki mai falo, ko ka biya kuɗin ɗaki kai kaɗai, maki biyu. Da maki 3 kana Gold, 30 Platinum, 55 Emerald, 80 Diamond, 175 Diamond Plus, 700 kuma Pinnacle, wanda ba na ba kowa shawarar ya sa a ransa. Abin nema shi ne 80. Mai yin tafiyar kwana bakwai a ƙaramin ɗaki sai ya yi sau 12, mai babban ɗaki sau 6. Da zarar ka taka Diamond, Celebrity za ta karɓe ka a matsayin Elite ko da ba ka taɓa leƙa jirginta ba. Diamond Plus yana zama Elite Plus, Pinnacle yana zama Zenith.

A nan akwai wani lissafi da ba kowa ke lura da shi ba. Celebrity tana ƙirga nata makin ne da tsadar ɗaki: maki 2 a dare ga ɗakin ciki, 3 ga mai baranda, 5 ga wanda ke sama da wannan, kuma sai ka tara 300 kafin ka zama Elite. Ke nan mai ƙaramin ɗaki zai kwana 150 a Celebrity kafin ya samu abin da kwana 80 a Royal zai ba shi. Ƙofa biyu ce zuwa ɗaki ɗaya, ɗaya ta fi kusa da kusan rabi. Wanda bai riga ya fara ba, ya fara ta Royal.

Abin da ya fi ja na wurinsu shi ne makinsu ba ya mutuwa. Mu nan ba kowace shekara ake samun hali ba. Wata shekarar iyaka ce a rufe, wata kaya ne suka maƙale a tashar ruwa, wata kuma aikin Hajji ne ko auren 'ya'ya ya cinye abin da aka tanada. Mutum zai iya yin shekara huɗu bai motsa ba, ya dawo ya tarar da makinsa yadda ya bar shi. Sannan mata ko miji da ke gida ɗaya ana iya haɗa su a matsayi ɗaya, yara 'yan ƙasa da shekara 18 ma suna cin darajar iyayensu. Mai mata fiye da ɗaya dai ya tambayi kamfanin a rubuce kafin ya yi wa kowa alkawari a cikin gida, kar a je gaban tebur a ga katin uwargida da launi daban da na amarya.

To me ake samu a zahiri? A nan ne Musulmi ke buƙatar ya karanta da idonsa, domin rabin gatan da waɗannan kamfanoni ke tinƙaho da shi giya ce: liyafar giya da yamma, kwalbar giya a ɗaki, ragin kuɗin giya. Idan ka cire wannan, katin wasunsu ba abin da ya rage a ciki sai gaisuwar kyaftin. Na Royal ya tsira. Mai Diamond yana da abin sha huɗu kyauta kowace rana, mai Diamond Plus biyar, kuma ba dole sai barasa ba. Ka miƙa katinka a ba ka lemo, ko haɗin 'ya'yan itace, ko kofi mai madara, ko gorar ruwa, ka ga an cire ɗaya daga cikin huɗun. Alhaji da Hajiya su biyu, takwas ke nan a rana, a wurin da komai da dala ake sayarwa. Akwai kwana ɗaya na intanet kyauta, akwai falon da aka keɓe wa masu matsayin, wuri ne mai kyau ga wanda ke gudun kiɗan bakin wurin ninkaya. A Celebrity kuma mai Elite yana samun wankin jaka ɗaya kyauta, kuma duk wanda ya taɓa ganin kuɗin wankin riga ɗaya a jirgi ya san wannan ba wasa ba ne ga mai manyan kaya na shadda. Abin da ba ya ƙaura shi ne makin da ka riga ka tara, da tafiyar kyauta da ake ba wanda ya kai 700. Matsayin ne kaɗai ke binka. Aibinsu ɗaya a wajenmu: yawancin jiragensu daga Amurka suke tashi. Namu su ne na lokacin zafin Turai daga Barselona da kusa da Rum, da kuma na Singafo da Shanghai.

Gidan Carnival ya fi kowa girma, da Princess da Holland America da Cunard da Costa da AIDA da sauransu, amma kowa katinsa daban, babu mai sanin na wani, kuma a 2025 kamfanin Carnival ɗin kansa ya sanar zai koma auna matsayi da yawan kuɗin da ka kashe. Na wuce. Gidan Norwegian da Oceania da Regent sai a ƙarshen 2025 suka fara girmama matsayin juna, kuma biyun ƙarshen tsadarsu ta fi ƙarfin tafiyar iyali.

MSC kam ba za a wuce ta a layi ɗaya ba, domin ita ce ta fi kusa da hanyarmu. Kamfanin iyali ne mai hedikwata a Janiba, masu kwantenonin nan da kowane ɗan kasuwa ya san tambarinsu. Ta saba ajiye jirgi a Dubai lokacin sanyi, tana tashi daga Daban a Afirka ta Kudu, a Turai kuma da yuro take ciniki, wanda ya fi mana sauƙin lissafi tunda canjin yuro ɗaya a sefa, kusan 656, ba ya motsi. Ƙanwarta Explora ta fara aiki a 2023, ta masu kuɗi ce. Abin da MSC ta yi fice da shi shi ne tana karɓar matsayin wasu: ka nuna mata katinka na wani kamfanin jirgi, ko na manyan otal irin su Hilton da Marriott, ta ba ka matsayi a ƙungiyarta ta Voyagers Club, da ragin kashi 5 cikin 100 a kuɗin tafiya, duk a kyauta. Sai dai nata yana da wa'adi. Ka yi wasu shekaru ba ka hau ba, ya faɗi. Don haka ni a ganina a gina a Royal, a ɗauki shedar a kai wa MSC lokacin da tafiya ta riga ta tabbata, ba tun da wuri ba. Aroya ta Saudiyya, wadda ta fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ba giya, abinci halal, ita ce ta fi kwantar da hankalin Hajiya. Amma jirgi ɗaya ne, ba 'yar'uwar da za a kai wa kati.

Duk wannan lissafin banza ne idan daren da ka kwana bai shiga sunanka ba, kuma a nan ne aka taɓa cuta ta. Wani dillalin tafiye-tafiye a Dubai ya kama mini wuri, ya karɓi kuɗinsa cif, tafiya ta yi kyau. Ashe ya yi rajistar da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya kuma rubuta sunana yadda ya ga dama, ba yadda yake a fasfo ba. Kun san takardunmu da rubutun Faransanci suke. Mahamadou ne, shi kuwa ya buga Mohammed, Elhadji ya zama sunan uba. A wajen kwamfuta mutum biyu ne. Da na nemi makina sai aka ce in kawo shedar da ke cikin imel ɗin da ba nawa ba, dillali kuwa ya daina ɗaga waya. Tun daga nan ba na ba kowa kuɗi sai na buɗe asusun da hannuna a shafin kamfanin, na ga lambar tafiyar ta fito a ciki, da sunana harafi bayan harafi da ranar haihuwata daidai. Ba ta fito ba, ba a kama maka komai ba, ko da an turo maka takarda mai tambari goma.

Yanzu kuma sabon salo ya shigo WhatsApp. Za ka ji saƙon murya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe Alhaji, akwai wani yaronmu a cikin kamfanin. Katin Diamond ne, jaka ɗari biyu kawai, yau ɗin nan zai sa sunanka." Har da hoton katin a tafin hannu. Ku duba hoton da kyau. Katin roba ne da ake ba kowane fasinja ranar shiga, shi ne makullin ɗaki kuma da shi ake sayayya a ciki. A jikinsa akwai sunan jirgi, ranar tafiya, da sunan mai shi wanda aka rufe da babban yatsa. Ranar da aka sauka ya gama aiki. Matsayi ba a cikin robar yake ba, yana cikin kwamfutar kamfani, manne da suna da ranar haihuwa. Ba a sayar da shi, ba a aronsa, lambar ɗan'uwanka ba za ta hau tafiyarka ba.

Wasu kuma cewa suke za su yi maka daidaitawar MSC a kan kuɗi. Abin da ake yi kyauta a shafin kamfanin cikin mintoci. Mafi muni, sukan haɗa hoton katin bogi na wani otal su tura da sunanka, idan aka gano kai ne za a rufe wa asusu, shi ya riga ya ci kuɗinsa. Akwai masu kiran waya su ce ka ci tafiya kyauta saboda kai tsohon abokin ciniki ne, ka turo kuɗin haraji kawai. Akwai shafukan da aka kwaikwaya tsaf, harafi ɗaya ne ya bambanta a adireshin. Duk wanda ya ce ka aika kuɗi ta wurin masu aika kuɗi na cikin gari da sunan wani mutum, ba da sunan kamfani ba, ka san inda aka dosa.

Ƙaryar da ta fi cin mutane ita ce ta biza. "Ai mai Diamond ba a tambayarsa biza, Alhaji, cikin jirgi za ka kwana." Babu matsayin da ke maye gurbin biza. Jirgin da zai tsaya a Italiya da Sifen da Faransa yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, tun a bakin tasha, kuma idan zai leƙa wata ƙasa a waje ya dawo, mai shiga da fita ake so. Ba ka da ita ba za ka hau ba, ko ka rantse ba za ka sauka ko'ina ba, kuma kuɗinka ba ya dawowa. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, wannan takarda ta ƙara nisa, masu cewa suna da hanya kuma suka ƙaru. A samu biza a hannu tukuna, ko a kama wurin da za a iya fasawa a karɓi kuɗi. A tambayi dillali kuma ko farashin da ya faɗa ya haɗa da kuɗin tasha da kuɗin hidimar ma'aikata da ake cira kowace rana a kan kowane mutum, domin ko Pinnacle kake da shi wannan ba a yafe maka, kuma da shi ake ɓoye ragin ƙarya. Bayan an dawo gida, a duba asusu cikin makonni biyu a ga ko kwanakin sun shiga. Idan ba su shiga ba, katin robar nan da takardar biyan kuɗi su ne shedarka, kar a ba yara su yi wasa da su.